Dokar leda da kamen masu kura: ina sharar Legas take zuwa?

Tun ranar 1 ga Yulin 2025, lokacin da gwamnatin Jihar Legas ta fara aiki da dokar hana kayan robar da ake amfani da su sau ɗaya a yar, ruɗani bai kwanta ba a unguwannin da Hausawa suka fi yawa. A Agege da Idi-Araba da Mile 12, mai shayi yana tambaya ko ledar da yake sa wa burodi ta shiga haramcin, mai tallan fiya wata ya ji ana cewa nasa kayan ma za a kwashe, mai abinci kuwa tuni ta rabu da farar robar tekawe. Ga kuma masu tura kurar shara, waɗanda jami'an tsaftar muhalli ke ƙwace wa kura, alhali mutanen unguwa ba su daina kiransu ba.

Dukkan waɗannan dokoki rassa ne na matsala guda. Birnin yana fitar da shara fiye da yadda yake iya kwashewa, abin da ya kwashe ɗin ma wurin zuba shi ya cika.

## Me aka hana, me aka bari?

Haramcin hawa biyu ne. A Janairun 2024 kwamishinan muhalli, Tokunbo Wahab, ya sanar da hana farar robar zuba abinci mai kama da soso, bisa hujjar cewa ba ta ruɓewa kuma tana toshe magudanun ruwa. Akwai wani dalilin da duk mai sana'ar bola ya sani: ba ta da nauyi a sikeli, saboda haka ba mai wahalar tsintarta. Inda aka yar da ita nan take zama har ruwan sama ya ja ta cikin kwata.

Hawa na biyu shi ne na Yulin 2025. Ya haɗa da tsinken shan lemo na roba, da kofuna da cokulan roba na yarwa, da duk ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A aikace dai ana nufin siraran ledojin nan da ake ƙulla sukari ko tumatir, waɗanda ke yagewa tun kafin a isa gida. Ledar fiya wata, da gorar ruwa da ta lemo, da leda mai kauri ba su cikin haramcin. Su an ɗora wa kamfanonin da ke yin su nauyin taimakawa wajen tattara su da sake sarrafa su.

Ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya ta soki dokar, tana cewa za a rasa ayyukan yi kuma ba a tanadi madadi mai araha ba. Masu fafutukar kare muhalli sun soke ta ta wata fuskar: a ganinsu an bar babban mai laifi, wato ledar fiya wata. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai hana fiya wata a birnin da ruwan famfon gwamnati bai kai yawancin gidaje ba zai zama hana talaka ruwan sha ne, kuma wannan ba matsalar da ma'aikatar muhalli za ta warware da samame ba ce.

## Tan 13,000 a rana

Abin da hukuma ke kira busasshiyar shara shi ne duk abin da aka yar wanda ba ruwan ƙazanta ba kuma ba hayaƙi ba: ragowar abinci, leda, kwali, gwangwani, tsumma, kwalba, ɓaraguzan gini, matattun na'urori. Hukumar kula da shara ta jihar, LAWMA, tana ƙiyasta cewa Legas na fitar da kimanin tan 13,000 kullum. In aka raba wa mutum sama da miliyan 20, kowa bai wuce rabin kilo da ɗoriya ba. Ɗan Legas bai kai Bature ko Ba'amurke zubar da shara ba. Matsalar ita ce yawan jama'a a ƙaramin wuri, a jihar da ta fi kowace jiha ƙanƙanta a Najeriya, ga kuma ruwa da fadama sun cinye wani babban sashe nata. In aka ɗauka mota ɗaya tana cin tan 10, ana bukatar sawu 1,300 ke nan a kowace rana, a kan titunan da cunkosonsu ya zama abin misali.

Kusan rabin wannan shara mai ruɓewa ce. Gidaje ne kan gaba wajen fitar da ita, sai kasuwanni. Wanda ya taɓa shiga Mile 12 lokacin kakar tumatir ya ga yadda kayan gwari ke isowa daga Arewa bayan kwanaki a hanya, wani kason ya riga ya narke a cikin kwando. Kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Ketu haka, mahautar Oko-Oba a Agege kuma tana fitar da kashin tumbi da jini da ƙashi. Bayan waɗannan akwai sharar masana'antu ta Ikeja da Apapa da Ikorodu, da ta asibitoci, wadda doka ta ce a ware ta daban domin allurai da audugar da suka taɓa jini.

Mutumin da ya taso a ƙasar Kano ya san lokacin da shara dukiya ce. Manoman kewayen birni sukan shigo da jakai, su loda takin bola a mangala su kai gona, domin abin da ke cikin jujin toka ne da kashin dabbobi da ragowar abinci. Leda ce ta ɓata wannan tsari, a Kano da Legas duka. Da zarar ta cakuɗu da ruɓaɓɓen abinci, manomi ba ya son takin, mai sarrafa roba kuma ba ya son ledar saboda ta yi datti. Abu biyu masu amfani sai su taru su zama abu ɗaya marar amfani. Wannan ne ya sa masana ke nanata a raba shara tun daga gida, kuma shi ne manufar shirin da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta ƙaddamar a 2019 na ware abin da za a sake sarrafawa a jaka daban. Shirin bai ratsa unguwannin talakawa ba.

## Daga FESTAC zuwa yau

An kafa hukumar da ta zama LAWMA a 1977, shekarar bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, lokacin Legas ce babban birnin ƙasa kuma ƙazantarta ta zama abin kunya. Ta ɗauki sunan da take da shi yanzu a 1991. Zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon ne ya kawo sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda aka ci gaba da yi har wata babbar kotun tarayya ta yanke hukunci a 2015 cewa hana mutane zirga-zirga dominta ya saɓa wa doka, gwamnatin jihar kuma ta soke ta a 2016.

Ginshiƙin tsarin da ake kai yanzu shi ne ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da ake kira PSP. An fara gwada su a ƙarshen shekarun 1990, suka yi ƙarfi zamanin Tinubu da Fashola. Ana ba kowane kamfani yankinsa, ya zo da motarsa ya kwashe, gidaje su biya shi kuɗin wata, LAWMA ta sa ido kuma ta kula da jujin. A 2017 gwamna Akinwunmi Ambode ya sauya tsarin, ya miƙa kwasar sharar gidaje ga kamfanin Visionscape. 'Yan PSP suka garzaya kotu, sabon kamfanin bai da isassun motoci, shara ta taru a manyan tituna a 2018. Aka koma wa 'yan PSP. Abin da wannan rikici ya nuna shi ne kwasar shara a Legas ba ta jure giɓi ko na mako biyu.

## Inda motar ba ta shiga

A nan ne igiyar ta fi tsinkewa, kuma a nan ne abin ya fi shafar 'yan Arewa.

Tsarin PSP ya dace da unguwa mai titi, mai lambar gida, mai mutanen da ke karɓar albashi a ƙarshen wata. A lungun da mota ba ta shiga, cikin gidan haya mai ɗaki goma sha biyar, lissafin daban ne. Wa zai biya, mai gida ko 'yan haya? In mutum uku suka ƙi bayarwa fa? Shi ma mai kamfanin yana da nasa kukan. Man dizal ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, faɗuwar darajar naira ta sa kayan gyaran mota sun ninka, da damina kuma motoci kan yi dogon layi a bakin juji saboda hanyar ciki ta zama taɓo. Motar da ya kamata ta yi sawu biyu a rana sai ta yi ɗaya, ko ta kwana a layi. Ba ta zo unguwa a kan lokaci ba, mutane suka ƙi biya. Ba su biya ba, motar ta ƙara jinkiri.

Mai kura ne ke cike wannan giɓin. Yana zuwa kullum, yana shiga kowane lungu, kuma ciniki ake yi nan take gwargwadon yawan sharar. Ga wanda ke cin abinci daga abin da ya samu a yini, biyan kaɗan kaɗan ya fi masa sauƙi fiye da takardar kuɗin wata.

Ya kamata a bambance mutanen da ake haɗa su a suna ɗaya. Akwai mai kura, wanda ake biya ya ɗauki shara. Akwai ɗan gwangwan ko jari bola, wanda ke yawo yana saye ko tsintar ƙarfe da alminiyam da tagulla. Akwai masu tsinta a kan jujin kansa. Sama da su duka akwai dillali mai sikeli, wanda ke tara kaya ya sayar wa masana'antun narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogijo, ko masu niƙa gorar roba. Da yawa daga cikin na ƙasan 'yan Arewa ne da 'yan Nijar, wasu 'yan cirani, ko da yake akwai Yarbawa da Ibo da sauransu a sana'ar, har da mata masu yawa. Mafi yawan abin da ake sake sarrafawa a Legas ta hannun waɗannan mutane yake bi, ba tare da gwamnati ta biya su ko sisi ba.

Gwamnatin jihar ta haramta tura kura a Janairun 2018, kuma tana sabunta gargaɗin lokaci bayan lokaci. Hujjarta ba ta banza ba ce. Mai kura yana cire abin da zai sayar, ragowar kuma dole ya sauke ta wani wuri, sau da yawa cikin dare: a magudanar ruwa, ƙarƙashin gada, gefen layin dogo, ko tsakiyar titi. A wasu unguwannin bakin ruwa ma sayen sharar ake yi a cike fadama da ita a yi gini a kai. Akwai kuma ƙorafin satar murafun ramukan titi da wayoyin lantarki da ƙarafan gada, wanda ya sa Abuja ma ta hana yawon jari bola. Duk wanda ya ce babu ɓata-gari a cikin sana'ar bai faɗi gaskiya ba, kuma laifin kaɗan ɗin nan yana shafa wa dubban masu neman halal baƙin fenti.

Amma akwai tambayar da haramcin bai amsa ba. Mutumin da doka ta hana wa sana'a ba shi da halaltaccen wurin sauke kayansa, babban jujin Olusosun kuma ba tafiyar ƙafa ba ce daga Agege ko Ajegunle. Ashe haramcin da kansa yana cikin abin da ke tura sharar cikin kwata. Muddin matar gida tana da sharar kwana huɗu a ƙofar ɗaki ga yara suna wasa kusa, za ta kira mai kura ko an hana ko ba a hana ba. Masu ganin a shigar da su cikin tsari suna ba da shawarar a yi musu rajista da katin shaida, a ware wa kowa layinsa, a kafa ƙananan matattara a unguwanni inda babbar mota za ta riƙa ɗauka. 'Yan PSP da dama ba sa so, domin a wurinsu mai kura kishiya ne da ke janye musu masu biya alhali bai sayi mota ba bai biya haraji ba. Alƙahira ta taɓa bin hanyar ture masu kwasar gargajiya a 2003, ta ba kamfanonin waje kwangila, daga baya ta gane kamfanonin ba su kai su iya tace shara ba.

## Olusosun da abin da ke fita daga cikinsa

Wanda ya shigo Legas ta hanyar Ibadan, kafin ya ga Olusosun a Ojota hancinsa ya sanar da shi. An buɗe jujin a 1992 a kan fili kimanin eka 100, lokacin wurin bayan gari ne. Yau gidaje da tashoshin mota da masana'antu sun kewaye shi. Jujin Solous a Igando ma haka, maƙwabcin babban asibitin Alimosho ne.

Akwai bambanci tsakanin juji da mabinnar shara ta zamani. Ta zamani ana shimfiɗa mata yumɓu da roba mai kauri a ƙasa, ana rufe sharar kowace rana da ƙasa, ana janye ruwan da ke tsatsowa a tace shi, ana kuma kama iskar da ke fita ta bututu. Jujin Legas ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ruwan sama yana ratsa tulin ya fito baƙi ƙirin, ɗauke da ƙwayoyin cuta da gubar batir da fenti, ya nutse ƙasa a birnin da ruwansa ke kusa kuma mutane suka dogara da rijiya da burtsatse. Ruɓewar abinci a ƙarƙashin tulin tana haifar da iskar gas mai suna metan, mai kamawa da wuta. A Maris 2018 Olusosun ya kama da gobara, hayaƙi ya turnuƙe Ojota da Ketu kwana da kwanaki, har aka rufe jujin na wani lokaci. Tulin da ya yi tsawo kuma yana iya zaftarewa. A Adis Ababa a 2017 jujin Koshe ya rufta ya kashe mutum fiye da 100, a Kamfala ma an yi irinsa a 2024.

Sharar da ba ta kai juji ba ta fi kusa da cutar da mutane. Wadda aka ƙona a bakin titi tana ƙara wa iska guba, musamman in da leda da taya a ciki. Wani nazarin Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kimanin 11,200 a Legas a 2018, yawancinsu ƙananan yara. Motoci da janareta da masana'antu ne kan gaba a wannan, amma ƙona shara na da nata kaso. Wadda ta faɗa kwata kuma tana tsayar da ruwa, sauro ya samu gida, in ambaliya ta zo ta haɗa ruwan masai da na sha. Ɓarkewar kwalara ta Yunin 2024 a irin wannan yanayi ta faru.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora wa shara laifin ambaliyar Legas gaba ɗaya. Birnin yana dab da matakin teku, in tafkin Legas ya cika magudanun ba su da inda za su amayar da ruwa, ga gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa da fadamun da aka cike, ciki har da na masu hali. Shara tana tsananta ambaliya ne, tana kuma sa ruwan ya daɗe bai janye ba.

## Sharar da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa

Wani kaso na tsofaffin talabijin da kwamfuta da firji da ake shigowa da su daga Turai matattu ne tun a kwantena. Suna ƙarewa a kewayen kasuwar Alaba, inda samari ke fasa su, suna ƙona waya don cire tagulla. A cikin waɗannan kaya da tsofaffin batiran mota akwai dalma da zaiba. Mutanen Arewa sun san aikin gubar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ba ta da wari, ba ta nuna alama da wuri, kuma mai fasa batir yana iya kai ta ɗaki a jikin tufafinsa. Najeriya tana da dokar hana shigo da shara mai guba tun 1988, bayan an gano gangunan da aka jibge daga Italiya a garin Koko, kuma hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ce ke sa ido tun 2007. Wahalar ita ce bambance kayan gwanjo mai aiki da shara a bakin tasha.

## Binnewa, ƙonawa ko taki?

A 2024 gwamnatin jihar ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Zoomlion na Ghana domin gina tashoshin tara shara da wuraren tace ta, da niyyar rufe Olusosun da Solous, da kuma wata yarjejeniyar da wani kamfanin ƙasar Holan domin ƙona shara a samar da lantarki a Epe. Tashar tarawa tana da ma'ana a fili: ƙananan motoci su sauke kusa su koma unguwa, manyan tireloli su yi doguwar tafiyar. Ita ce za ta iya rage layin da ke kashe 'yan PSP.

Ƙonawa don lantarki kuwa ra'ayi ya rabu a kanta. Masu goyon baya suna cewa tana rage tulin ƙwarai, ga wuta a birnin da ke fama da duhu. Masu suka suna cewa sharar Legas jiƙaƙƙiya ce, ba ta ci da kyau sai da leda da kwali, wato abubuwan da masu tsinta ke rayuwa a kansu, sannan injin yana da tsada kuma hayaƙinsa na bukatar sa ido mai tsanani. Hanyar da ta fi araha ita ce mafi ƙarancin armashi a wurin 'yan siyasa: a ware ruɓaɓɓen kayan kasuwanni tun a kasuwa, a mai da shi taki ko iskar girki. A kasuwa irin Mile 12 sharar kusan iri ɗaya ce, ba ta bukatar dogon tacewa, kuma motocin da suka kawo kaya daga Arewa da yawansu suna komawa ne inda ake neman taki.

## Abin da zai taɓa aljihu

Mai abinci da mai tsire da mai shago za su ga kuɗin mazubi ya ƙaru, domin leda mai kauri da robar da ake iya wankewa sun fi tsada, kuma a ƙarshe mai saye ne zai biya. Ɗan haya ya kamata ya san cewa zubar da shara a titi ko kwata laifi ne da kotun tafi-da-gidanka ke hukuntawa da tara ko aikin share gari ko ɗauri, kuma ba mai kura kaɗai ake kamawa ba, wanda ya ba shi sharar ma doka ta hau kansa. Rasit ɗin PSP shi ne shaidar gida in jami'ai suka zo.

Ga 'yan kasuwa, hukuncin na gayya ne. A Oktoban 2023 an rufe kasuwannin Mile 12 da Owode Onirin saboda ƙazanta, bayan na Ladipo da Oyingbo, a 2025 kuma aka rufe mahautar Oko-Oba. Rufe kasuwar kayan gwari na kwana biyu ba ya tsayawa a Legas. Tumatir yana ruɓewa a kan mota, dillali ya kasa biya, asarar ta gangara har kan manomin Kadawa ko Danja da ya ba da kayansa bashi. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwanni suna da ta cewa a nan, domin su hukuma ke nema in za a buɗe kasuwa, kuma su ke iya sa a biya kuɗin kwasa a kan kari.

Waɗanda makomarsu ta fi zama a rataye su ne masu tsinta a Olusosun da Solous. In an rufe jujin aka mai da tacewa cikin masana'anta, kamfani zai ɗauki wasu aiki da albashi da safar hannu da takalmi, amma ba zai ɗauki kowa ba, kuma zai nemi katin shaida da asusun banki. Ɗan ciranin da ba shi da lambar NIN, bai kuma shiga wata ƙungiyar masu sana'ar ba, shi za a fara bari a waje ranar da za a rubuta sunaye.